Kunun zaki, tsiro, da batun "ko ya koma giya?": tambayoyin da ake ta yi min

Assalamu alaikum. Shekara 11 kenan ina dama kunun zaki na sayarwa a nan ƙauyenmu ta wajen Ringim, kafin nan kuma na ɗan koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare har aure da raino suka zaunar da ni gida. Shi yasa duk wadda kununta ya ɓaci sai ta aiko yarinya ko ta bugo waya, kuma tambayoyin dai su ne su ne, musamman in azumi ya faɗo a zafi. Shine nace bari in tara su wuri ɗaya in huta da maimaici. Na sa musu lamba saboda wata amsar tana jingine da wata. Inda maganar ta shiga hukunci na faɗi abin da aka karantar da mu ne, fatawa kuwa sai wajen malamai.

1. Wai menene bambancin kunun zaki da sauran kunu?

Kunun kanwa da na tsamiya da na gyaɗa duk damawa ake a sha da zafi. Shi kunun zaki kwana yake, kuma a wannan kwanan ne aiki biyu ke faruwa: garin geron yana narkewa ya zama zaƙi, sannan ya ɗauki ɗan tsami mai daɗi. Zaƙinsa na asali daga jikin hatsin yake fitowa, tun kafin sukari ya shigo ƙauye kakanninmu suna shansa.

2. Tsiron da kike ta faɗa, menene shi, me yake yi a ciki?

Tsiro hatsi ne da aka jiƙa aka barshi ya fara fitowa, sai aka katse shi ta hanyar shanya. Kinga ƙwayar gero ko dawa cike take da sitaci, wato guzurin da Allah ya ajiye wa shukar kafin ta yi ganye. Da ta ji ruwa ta fara tsirowa sai ta saki wani sinadari da ke yanyanka sitacin nan ya mai da shi sukari don ɗan tsiron ya samu abinci. To mu wayo muke mata, mu bari ta haɗa sinadarin, mu shanya ta, mu niƙa, mu zuba a kunu ya je ya yi mana wannan aikin a kan geron da muka dama. Ki tauna ƙwayar tsiro ɗaya ki tauna ɗanyen gero ɗaya, harshenki zai ba ki labari.

Shi ne dai abin da kamfanoni ke kira malt, kuma shi ne matakin farko a yin giyar hatsi a yawancin duniya, nan ne tsoron mutane ya samo asali. Amma tsiro shi kaɗai ba ya sa maye, zaƙi kawai yake kawowa. Mai haifar da barasa wani ne daban, yana tambaya ta 8.

3. Ya ake yin tsiro a gida?

Ki samu hatsi mai kyau wanda ba a surfa ba, don surfaffe ba ya tsira, haka wanda ƙwari suka huda. Shinkafa ma sai shanshera mai ɓawonta. Ki wanke ki rege, ki jiƙa daga yamma zuwa safe, ki tsane, ki baza a kan buhun algarara ko tabarma a inuwa, kaurinsa kar ya wuce faɗin yatsu biyu, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma ki yayyafa ruwa ki ɗan juya da hannu don kar ya yi zafi a tsakiya. Gero kwana 2 zuwa 3 ya isa, dawa 3 zuwa 4, shinkafa takan fi su jinkiri. Da sanyin hunturu ki ƙara haƙuri, da zafi kuma ki sa ido.

In ya fito sai ki shanya a rana ya bushe ƙayau, har in kin ciza ya ce ƙas. Wanda bai bushe ba kika ɗaure a leda to funfuna kika tara. Kuma duk tsiron da kika ga ya yi baƙi-baƙi ko kore-kore ko yana warin rima, zubar da shi, kar ki ce za ki wanke, gubar funfunar hatsi tana taɓa hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta.

4. Gaskiya ne tsiron dawa yana da guba?

Akwai ƙamshin gaskiya. Ki tambayi kowane Bafulatani me yasa ba ya bari shanu su faɗa wa ƙaramar dawa ko gyauronta, zai ce miki tana kashe dabba. Sabon tohon dawa da saiwarsa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin guba, ƙwayar ita kanta lafiya lau take. Saboda haka bayan ya bushe ki murje shi sosai tsakanin tafukanki, ki sheƙe, toho da saiwar su fita, ƙwayar kaɗai za ki niƙa. Ni dai na fi son tsiron gero ko na shinkafa, hankalina ya fi kwanciya, launin kunun ma ya fi haske.

5. To ke ya kike dama naki?

Gero mudu ɗaya nake surfawa in wanke in jiƙa tun da safe. Da la'asar a kai markaɗe tare da citta da kanumfari da ɗan masoro, in tace in samu gasara. Tsiron kuwa, kamar cikin gwangwanin madara biyu, daban nake markaɗa shi da busasshen dankalin Hausa. Sai in raba gasarar, kashi biyu cikin uku in sheƙa mata tafasasshen ruwa ina juyawa da muciya har ta yi kauri kamar koko, ragowar kashi ɗayan in haɗe da ƙullun tsiron in ajiye gefe.

Nan ne wurin da yawancinku ke faɗuwa. Ba a zuba tsiro a kunu yana tururin wuta. Sai ya ɗan huce, yadda Goggona ta koya min, ki tsoma ɗan yatsa ki cire da sauri, da zafi amma bai ƙona ki ba. A lissafin makaranta wajen digiri 60 zuwa 70 kenan. Kina zubawa kina juyawa za ki ji muciyar ta fara sakewa a hannunki, abin da ya yi kauri yana ƙin motsi cikin minti kaɗan sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, wallahi har yau in na ga wannan sai na ce Subhanallahi. Sai in rufe da faifai ya kwana. Da asuba in ƙara ruwa, in sake tacewa, in ɗanɗana, in da bukatar sukari in sa kaɗan, sai ɗurawa.

6. Nawa baya zaƙi, kuma kauri yake kamar koko, ina matsalar?

Ɗaya cikin uku ne. Ko kin zuba tsiron da zafi ya yi yawa kin dafe sinadarin ya mutu, ko kin bari ya huce gaba ɗaya aikin ya yi sanyi, ko kuma tsiron ya tsufa. Koma tambaya ta 5 ki duba gwajin yatsa. Akwai kuma masu jin ƙyashin ruwan zafi, gasarar ba ta nuna ba, to ɗanyen sitaci tsiro ba ya iya masa sosai, sai ki ga fari ya kwanta a gindin gora ruwa a sama.

7. Tsiro, dankali ko sukari, wanne ya fi?

Kai, wannan tambayar ta haɗa faɗa a gidan biki ba sau ɗaya ba. Tsofaffi irin su Inna gani suke duk wadda ta zuba sukari ba ta iya kunu ba, ruwan gero kawai ta yi ta ɓoye kasawarta. 'Yan matan yanzu kuma su ce waye zai zauna kwana huɗu yana yayyafa wa buhu ruwa alhali ga shago nan. Masu dankali suna tsakiya, kuma suna da hujja, don dankalin Hausa ma yana da irin sinadarin nan da na faɗa a tambaya ta 2, shi yasa in an gasa shi yake ƙara zaƙi.

Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da suke gudun tsiro sam, wai kayan burukutu ne. Wata maƙwabciyata ta daina sayen nawa wata guda cur da ta ga buhu shimfiɗe a ɗakin girki. Ban ji haushi ba, tsoron Allah ne ya sa ta, amma abin dariyar ita nata sukari take zabgawa ta toshe a jarka ta bari a rana, wanda ya fi nawa saurin juyawa ya koma giya nesa ba kusa ba. Ra'ayina: tsiro da dankali su yi aikin, sukari ya zama ciko. Suwitan nan na ƙulli da ake sa wa don riba kuwa ɗaci yake bari a maƙogwaro, mai saye ba zai faɗa miki ba, kawai dai ba zai dawo ba.

8. Me ke kawo tsami, me ke kawo kumfa?

Halittu biyu ne da ido ba ya gani, suna jikin hatsi da ƙwarya da hannunki da iska. Na farko bakteriya masu tsami, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo da nono, su ne ke sa koko da ƙullun waina tsami. Suna cin sukari su fitar da tsami. Na biyu yis, ɗan'uwan wanda kike saya a shago don fanke da burodi. Shi in ya ci sukari abu biyu yake fitarwa: iska mai kumfa, da barasa. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar wajen shekarun 1850 zuwa 1860 cewa masu rai ne ke wannan aiki.

A daren farko masu tsami ne ke da rinjaye, shi yasa da safe kike samun zaƙi da ɗan tsami. In aka ƙara lokaci, ga zaƙi ga ɗumi, sai yis ya yi yawa ya karɓe filin. Zafin watan Afrilu a Jigawa da ke haura digiri 40 kuwa ai gaggawa yake sa komai, abin da zai yi kwana biyu da hunturu a wuni ɗaya ya gama.

9. Kenan kunun da ya kwana ya zama giya? Haramun ne?

Kwana ɗaya na al'ada bai mai da shi giya ba, ko randa guda mutum ya shanye cikinsa ne zai cika, kansa ba zai juya ba. Ma'aunin da aka koya mana shi ne maye. Hadisi ya tabbata a Muslim cewa duk mai sa maye giya ne kuma duk mai sa maye haramun ne, wani hadisin kuma ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ga kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida.

Kuma wannan matsalar tamu ba sabuwa ba ce. Ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa yana sha, kuma Ibn Abbas ya ruwaito cewa yakan sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar a shanye ko a zubar. A wata ruwayar Abu Huraira ya kawo masa wanda ya fara tafasa da kansa yana kumfa, ya ce a watsar da shi. Kinga an ba mu alama biyu, lokaci da kumfa. Sai dai kar ki ɗauki kwana ukun nan ki ɗora wa kunun zaki a zafinmu, shi ba ya kaiwa. Alamomin suna tambaya ta 10.

10. Ta ya zan gane ya tsallake iyaka?

Kumfa tana tasowa daga ƙasa da kanta ba tare da kin girgiza ba, in kin kara kunne kina jin yana sis-sis. Gora ta yi tauri kamar an hura ta. Zaƙin ya gudu duk da kin san kin sa, don yis ya cinye. Sai wari mai hawa hanci da ɗan yaji-yaji a harshe. Tsami kaɗai ba tare da waɗannan ba yawanci na bakteriya ne, ba daɗi dai amma ba maye.

Ni da kaina na taɓa sha. Azumina na farko a gidan miji na so in burge, na zabga tsiro na ƙara sukari, na ɗura a jarka na murɗe murfi tam, mai ƙanƙara kuma bai zo ba ranar. Muka sha rabi da buɗa-baki, ragowar na tura bayan ƙofa na manta. Bayan kwana biyu da hantsi ina tankaɗe sai na ji tau, murfin ya tashi ya daki kwanon rufi, kunu ya yi tsiri har kan labule, kaji suka watse. Surukata ta leƙo, ta shinshina sau ɗaya ta ce, "Amarya, wannan kam ya tashi daga kunu, kai shi bayan gida tun kafin Malam ya dawo." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni kuwa kwana uku ban iya haɗa ido da ita ba.

11. In ya juya, in na sake dafa shi fa barasar ba za ta fita ba?

Barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa a 100, to wani kaso yana tashi, amma ba ta fita duka da ɗan tafasawar da za ki yi. Ga shi ɗanɗanon ya riga ya mutu. Kar kuma ki ƙara sabon kunu ko sukari a kai wai ki gyara, abinci kika ƙara wa yis. Zubarwa ce kawai, ki wanke mazubin da ruwan zafi.

12. To ita burukutu da me ta bambanta da kunun zaki?

Farkonsu ɗaya, niyya da ƙarshe ne suka raba su. Mu tsiro ɗan kaɗan muke sawa, su kuwa dawar gaba ɗaya ake tsirarwa don a samu sukari mai yawa. A niƙa, a dama da ruwa, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman, a dafa na ƙasan a sake haɗewa, ya kwana ya yi tsami, sannan a dafa shi awanni a manyan tukwane har ya ƙafe ya yi ƙarfi. In ya huce sai a zuba ragowar tsohuwar giya a matsayin iri, wato da gangan ake kawo yis ɗin, a bar shi kamar kwana 2. Daga jiƙo zuwa sha mako guda ne ko fiye. Ƙarfinta kusan na giyar kwalba ne, wajen kashi 3 zuwa 6 cikin 100.

A Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da Taraba sana'ar mata ce sananniya, pito kuma 'yar'uwarta ce da ake tacewa, har arewacin Gana ana yin ta. Nan ƙasar Hausa ma Maguzawa sun daɗe da ita, ta gayya da biki da bukukuwan al'ada, kodayake da yawansu sun bari bayan sun musulunta ko sun shiga coci. Kano da Jigawa dai tun 2000 aka ƙaddamar da shari'a, kuma kowa na ganin yadda Hisba ke fasa kwalabe a Kano. Na kawo bayanin ne don ki ga matakai nawa ke tsakaninki da ita, ki daina zargin tsiro, ki koma sa ido kan jarkar da kika toshe.

13. Ita ce ke makantar da mutane?

A'a, wannan wata ce. Wadda ake turarawa a tara tururinta, irin ogogoro, musamman in an gauraya ta da sinadarin masana'antu mai suna metanol, ita ke makantarwa ta kashe. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ondo da Ribas ta haka. Kunun da ya juya ba ya wannan, nasa haɗarin gudawa ne in ruwan ko gorar ba tsafta, duba ta 16.

14. Zoɓo da kunun aya da lemon citta ma suna juyawa?

Duk abin da ke da zaƙi da ruwa yana juyawa. Zoɓo yana da nasa tsamin kuma dafa shi ake, to ya fi juriya, sai dai in kin jefa ɓawon abarba ɗanye bayan kin sauke, ɓawon nan cike yake da yis, ki dafa shi tare tun farko. Kunun aya shi ne sarkin rashin haƙuri, ga maiƙo ga dabino ga kwakwa kuma ba a dafawa, in ba ƙanƙara awanni kaɗan ya yanke ya yi yauƙi. Na daina yinsa na sayarwa sai an yi oda, asarar da ya ja min ta isa.

15. Ɗana ya nuna min a YouTube wai Turawa a gida suke dafa giya don sha'awa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma abin sha'awa ne a wurinsu kamar yadda wani ke kiwon tantabaru. A Ingila tun 1963 aka cire buƙatar lasisi ga mai yi don kansa. A Amurka shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978, dokar ta yarda da galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, 200 in manya biyu ne ko fiye a gidan, amma ban da sayarwa. Jihohin Misisipi da Alabama su ne na ƙarshe da suka yarda, a 2013.

Yadda suke yi in kin gani sai ki yi dariya, don rabin farko aikinmu ne sak. Tsiron sha'ir suke ɓarzawa su jiƙa a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na awa guda, wato gwajin yatsan Goggo na tambaya ta 5, su dai da ma'aunin zafi suke yi. Su tace ruwan zaƙin, su tafasa shi awa guda da wani fure mai ɗaci da suke kira hofs, su sanyaya da sauri, su zuba yis na leda, su rufe a bokiti mai ɗan bututu a murfi wanda iska ke fita amma ba ta shiga, mako 1 zuwa 2. Yawanci lita 19 zuwa 23 suke yi a tashi ɗaya. Wurin ɗurawa su ƙara ɗan sukari don kumfa, in ya yi yawa kwalba ta fashe, irin jarkata.

Kuma su ma suna da nasu faɗan irin na tambaya ta 7. Masu farawa daga ƙwayar hatsi suna raina masu sayen tsumin malt na gwangwani su tsarma da ruwa, wai ragwaye ne. Wasu sai sun auna komai sun rubuta a littafi har gishirin da ke cikin ruwa, wasu su ce ai kakanni ba su auna ba. Akwai masu riƙe da tsohuwar dokar Bavariya ta Jamus ta 1516 da ta ce ruwa da sha'ir da hofs kawai, akwai masu jefa kofi da 'ya'yan itace da duk abin da suka samu. Mutum dai mutum ne ko'ina, in ya iya abu sai ya nemi wanda zai raina.

16. Akwai abin da za mu ɗauka daga wurinsu?

Tsafta. Abin da suke sha ba namu ba ne, amma mutanen nan wanke-wanke ya fi girkin cin lokacinsu, duk abin da zai taɓa ruwan bayan an sauke sai an kashe masa ƙwayoyi. Mu kuwa gorar da yara suka tsinto a tasha ko bakin asibiti ake ɗauraya sau ɗaya a ɗura, sannan a ce kunu ya lalace da wuri ko yaro ya kwana gudawa. Ki jiƙa gorori a ruwan omo, ki sa tsinke da soso ki wanke wuya da murfi, ki ɗauraye sosai, ki kife a rana. Ruwan da za ki ƙara da asuba ya zama tafasasshe da ya huce, don shi ba zai sake ganin wuta ba. Ƙyallen tata a wanke a shanya, kar a cusa shi a jiƙe cikin ƙwarya.

Ƙwarya da randa da tsohuwar jarka suna riƙe yis a jikinsu, shi yasa wata ke cewa mazubi kaza "yana saurin tsami". Ba aljanu ba ne, irin jiya ne ya maƙale. Ruwan zafi da rana.

17. Maltina fa? Kuma maigidana yana tambaya kan sayar wa kamfani dawa.

Lemukan malt daga ruwan zaƙin nan na tsiro ake yinsu ba tare da an bar yis ya mai da shi barasa ba, a dafa a rufe, kusan kunun zaki ne da aka tace tas aka sa masa launi da gas. Damuwar wasu ba abin cikin ba ne, kamfanin ne, don mai Maltina shi ne dai mai giyar Star, Nigerian Breweries. Wannan kowa da inda zuciyarsa ta natsu, na san masu sha na san masu gudu.

Dawa kuwa, tun da gwamnati ta hana shigo da malt ɗin sha'ir a 1988 kamfanoni suka koma kan dawarmu. Buhun da ya bar ƙauye ya shiga kasuwar Dawanau yana iya ƙarewa a tuwo ko abincin kaji ko lemon malt ko giya. Sayarwa a kasuwa ga wanda ba ka san nufinsa ba daban, ƙulla ciniki kai tsaye da wanda ka san giya zai yi daban, to maigida ya kai wa malamin garinku maganar da bayanin waye mai sayen.

18. Ba firji ba wuta, ya zan yi ya kai min yamma?

Ki rage yawa, wannan ne na farko, gara ya ƙare ana nema da ya kwana. Ki rage awannin kwanansa da zafi, ni a Afrilu da Mayu sai bayan isha nake haɗawa in tace da asuba, da hunturu kuwa tun magariba. Sukari kar ki sa wa duka lokaci ɗaya, ki raba biyu, na yamma ki barshi ba sukari sai za a fita da shi. Kar ki cika gora har wuya kuma kar ki murɗe murfin jarka tam.

In akwai ƙanƙara, a kula a jera gorori a rufe da buhu, kar a jefa ƙanƙarar cikin kunun don ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. In babu, sabuwar randa a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ki zuba ruwa ki tsoma gororin ciki ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, da iskar rani tana sanyi fiye da yadda kike zato, da damina ne dai ba ta cika aiki ba. Zoɓo kina iya ɗura shi ki tsoma gororin a ruwa mai zafi da bai tafasa ba na rabin awa, yana ƙara masa kwana. Kunun zaki in kin yi masa haka yakan ɗan yi kauri saboda ɗanyar gasarar da ke ciki, to ki gwada da gora biyu tukuna kafin ki sa na sayarwa gaba ɗaya.